Layin Ruwan da Yaya Habibu Ya Tsara

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Habibu, Allah Ya jiƙansa, amma har yau shi ke raba wa masu lambun ƙauyenmu da ke ƙasar Kiru ruwa.

Injin ban ruwa ɗaya ne a lokacin, manoma kuwa ga su nan birjik, kullum sai an yi cacar baki a kan layi. Habibu ya karanta kwamfuta, sai ya rubuta musu 'yar manhaja mai faɗin wa zai sha yau, wa zai sha gobe. Jerin sunayen ya kulle shi can ciki, ya bar ƙofa uku kacal: ka shiga layi, ka duba ranarka, ko ku yi musaya da wani in kun amince ku biyun. Masu sana'armu ta rubuta manhaja suna da dogon sunan Turanci na wannan dabara. Shi cewa yake, "Kowa ya tsaya a zaure."

Na taɓa jin haushinsa ƙwarai. Albasar Babanmu ta fara yaushi, na ce ya ɗan matso da sunansa gaba. Ya ce, "Binta, sai dai in fasa bango. In na fasa kuwa, gobe kowa ta nan zai bi." Kwana biyu ban gaishe shi ba.

Bana aka kawo famfo mai aiki da hasken rana, mai bututu uku, tsohon tsarin ya kasa. Gyaran ya faɗo kaina, tunda ni na gaji sana'ar. Tsoro ya kama ni, don Habibu manoman suka yarda da shi, ba ni ba. Da sun ga an taɓa musu abu, zargi zai dawo, ga tumatir yana fure.

Na sake rubuta cikin manhajar kakaf, ƙofofin nan uku ban taɓa su ba. Ranar da na goge layin ƙarshe na abin da ya rubuta na yi kuka. Da yana nan, na san dariya zai yi mini, ya ce ai don a sake cikin ya gina bangon.

Jiya Baba Idi mai kabeji ya miƙo mini wayarsa in duba masa ranarsa. Ya ce, "Aikin Habibu ke nan, 'yata, shekara da shekaru ko gezau."

Na buɗe baki zan faɗa masa gaskiya, sai na ga ai ita ya faɗa. Na ce, "Laraba ce taka, Baba."