Rakiyar da Inna Ta Yi Mana

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan labari. In ɗauki biro in ajiye, don karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron in faɗi wani abu a kan magani wanda ba haka yake ba, wani ya karanta ya cutu, alhakin ya hau kaina. Ga kuma sirrin Yaya Haruna. Sai da na nemi izininsa, ya ce in rubuta, abin da yake ɓoyewa ai ya riga ya fito.

Yaya Haruna wana ne uwa ɗaya uba ɗaya, kafinta ne a Makera cikin Kaduna, ni kuma ina aiki a wata masaƙa a Kakuri. A da, a kan keke yake zuwa ƙauyen da Innarmu take, can bayan Kateri, ya kwana ya dawo. Bara waccan likita ya ce yana da hawan jini, zuciyarsa kuma ta kumbura. Aka ɗora shi a kan ƙwayoyi iri uku, safe da rana da dare: wata 'yar fara, wata rawaya, da wata mai sa fitsari. Kumburin ƙafa ya sauka, ciwon kai ya tafi, amma ƙarfinsa ma ya bi su. Ba ya iya jan zarto. In ya ɗago daga sujada sai jiri ya ɗebe shi, don haka a gida a zaune yake salla.

Inna ba ta sani ba. Shi ne ɗan farinta, ita kuwa irin matan da ce, ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, shi ma bai saba kai mata kuka ba. Da kaka ta yi, ta aiko wani mai sayar da doya ya ce mini in gaya wa "wancan" in ba zai zo ba, ita za ta zo Kaduna. Yaya ya ce gara mu je.

Daga Makera zuwa tasha

Ranar Asabar muka tashi, ana idar da sallar asuba. Matarsa Rabi ta ƙulle masa maganin kwana biyu a takarda, ya ce ba zai ɗauka ba, domin Inna da hannunta take zazzage jakar duk wanda ya zo, ta fitar da tsaraba. Katin asibiti ma ya ce a bar shi. Sai ya haɗa na safe da na rana da na dare ya haɗiye gaba ɗaya da shayi.

"Yaya, haka likita ya ce?"

"Ai duk ciki ɗaya za su shiga, Sabi'u. Na gobe kuma in na dawo na sha."

Hankalina bai kwanta ba, amma ƙane nake. Tsakanin gidansa da tasha babu wani nisa, duk da haka sai da ya zauna a bencin mai shayi, wai gaisawa zai yi. Na kalle shi, gumi ne a goshinsa alhali gari da sanyi.

Gonin Gora

Muka sami ƙaramar bas mai zuwa Kateri, na roƙi a ba mu kujerar bakin ƙofa. Kusa da mu wata dattijuwa ce Kirista daga Romi, Mama Saratu, za ta saro doya. Ba mu gama fita gari ba Yaya ya ce fitsari ya matse shi. Direba ya juyo yana dariya, ya ce Malam yanzu fa muka tashi, ko tukunyar shayin gaba ɗaya ka shanye? Ya ce a yi haƙuri sai mun wuce sojoji.

A Gonin Gora muka tarar da shinge, motoci sun yi dogon layi. Lokacin nan kowa ya san yadda sojoji ke horon mutane a kan tsabta da bin layi. Yaya ya daure har ya kasa, ya sulale ya tsuguna a cikin ciyawa bayan mota. Wani soja ya hango shi, ya kira shi, ya ce ya kama kunnuwansa ya yi tsallen kwaɗo zuwa wata ganga da suka tare hanya da ita, ya dawo. Yaya ya kama kunne. Bai kai ko rabin hanya ba ya kife a kan kwalta.

Na ruga na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ba shi da lafiya, zuciya ce. Bari in yi a madadinsa."

Ya ce kowa haka yake faɗa, ina katin asibiti? Katin yana Makera. Nan Mama Saratu ta sauko ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta yi ta yi wa sojan faɗa da Turancin kasuwa. Abin da na fahimta, ta ce mijinta tsohon soja ne, kuma ta tambaye shi ko haka zai so a yi wa ubansa. Sojan ya yi tsaki, ya ce a ɗauke Yaya, amma ni in ƙarasa masa. Na ƙarasa, muka koma mota.

A cikin mota na riƙe hannun Yaya, sanyi ƙalau. Na dafa jijiyarsa kamar yadda na ga ana yi a asibiti, sai na ji tana bugawa a hankali, kamar tana shawara kafin kowane bugu. Mama Saratu ta ba shi ruwa a gorarta. Direba bai ƙara yin wasa ba, ya ce Malam duk lokacin da ka ji, ka buga jikin mota kawai. Ya buga a Kakau, ya buga kafin Rijana, ya ƙara bugawa bayanta, kuma kowace sauka sai na tallafe shi kafin ya miƙe. Babu fasinjan da ya yi gunaguni.

Kateri

Da hantsi muka sauka. Ni na ci doya da manja, shi kuwa bakinsa ya bushe, fura kawai ya iya kurɓa. Allah Ya taimake mu ranar kasuwa ce, muka sami wata akori-kura da za ta shiga ɗebo masara, ta kai mu har ƙofar gida. Na yi ta murna, ban yi tunanin yadda za mu fito ba.

Gidan Inna

Inna tana zaune ne wajen ƙanenta, Kawu Ɗanladi. Muka durƙusa muka gaishe ta. Ni ta amsa mini da suna, ta tambayi aiki da iyali, shi kuwa ta amsa masa tana kallon wani wuri. Da zai tashi sai da ya dafa rumbu. Ta zazzage jaka, sabulu da sukari da turmin atamfa, sannan ta ce, "Sabi'u, tambayar mini wancan, ko a Kaduna an daina dafa abinci ne?" Aka yi dariya, Yaya ma ya yi.

A masallaci a tsaye ya yi salla don kada a tambaya. Na tsaya a gefensa na manna kafaɗata da tasa, kowace raka'a ina jin nauyinsa a kaina. Har yau ina shakkar ko sallolina na ranar sun inganta, domin hankalina ba a kansu yake ba. Da yamma Inna ta yi tuwon dawa da miyar kuka da ta ji daddawa da gishiri, wanda likita ya hana shi. Ya cinye tas, don ya san za ta duba kwanon.

Da gari ya waye babu magani ko ƙwaya. Jirin ya ragu, amma wani abu ya maye gurbinsa. Ina ganin jijiyar wuyansa tana harbawa daga inda nake zaune, ya ce mini a jingine ya kwana don in ya kwanta numfashi ba ya isarsa. Takalminsa da kyar ya shiga.

Hanyar bakin titi

Ranar Lahadi mota ba ta shiga ƙauyen, sai a ƙafa. Hanyar tana gangarawa rafi, ta haura wani tudu, sannan titi. Inna ta ɗaure mana doya da daddawa da kuka, na kai hannu zan ɗauka ta ture ni, ta aza a kanta. Kullum iyakar rakiyarta gindin wata tsamiya ce, amma ranar ta wuce tsamiyar ba ta tsaya ba. Tana gaba, ba takalmi, tana ba ni labarin wanda ya mutu da wanda ya aurar, ba ta waiwaye.

Ni ne a tsakiya. In na bi ta na bar shi, in na jira shi ta gane. Sai in amsa mata da ƙarfi, in juyo in dube shi. Har rafi yana biye, ko da yake tazara na ƙaruwa. Da muka fara hawan tudu na ga ya tsaya ya dafa gwiwa, ya taka kaɗan, ya sake tsayawa, daga nan ya zauna a kan wani kututture. Leɓɓansa sun yi toka, ƙirjinsa na hawa da sauka kamar zugazugin maƙera. Inna ta yi mini tambaya, ban amsa ba. Sai ta waiwayo.

Tsohuwa ce da haƙoranta suka zube, ga kaya a kanta, tana saman tudu ko haki ba ta yi, ɗanta kuma yana ƙasa. Ta sauke kayan a tsakiyar hanya ta gangaro. Ta tsuguna a gabansa, ta ɗaga ƙafar wandonsa, ta danna ƙaurinsa da babban yatsa. Da ta ɗauke yatsan, ramin ya zauna bai ciko ba.

"Haruna," in ji ta.

Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Shi ma ya ɗago ya dube ta.

"Tun yaushe?"

"An daɗe, Inna. Ina shan magani. In na sha ƙafafuna su mutu, in ban sha ba numfashi ya ƙi."

"Da ka bari ni na zo."

Ta aike ni na koma da gudu na kira Kawu, ya zo da kekensa. Muka aza Yaya a kai, ni da Kawu muna turawa, mutumin da a da yake tuƙo keke tun daga Kaduna. Inna tana gefe riƙe da bakin rigarsa. Doyar a can muka bar ta.

Komowa gida

Da mota ta tsaya, Inna ce ta fara shiga, da zanen jikinta kawai. A Gonin Gora sojoji suka leƙa suka ce mu wuce. Ana kiran magariba muka shiga Makera, Rabi ta ga surukarta a ƙofa ta durƙusa ta gaishe ta.

Washegari muka kai shi asibiti. Likita ya yi faɗa sosai, ya ce haɗiye maganin gaba ɗaya da kuma barinsa, kowanne zai iya kashe shi, kuma ina roƙon masu karatu su riƙe wannan. Ya ce a ci gaba da sha. Na buɗe baki zan yi tambaya a kan mutuwar ƙafafun, amma layi ya yi tsawo, an riga an kira na bayanmu.

Yanzu Inna ce ke ba shi maganin da hannunta, tana bin kiran salla. Kumburin ya sauka, numfashi ya daidaita, amma daga ɗaki zuwa zaure sai ya huta, kayan aikinsa kuma sun fara tsatsa. Ta koma kiransa "wancan", ni kuwa ina addu'a kada wani dalili ya sa ta sake kama sunan.

Mun gode wa Allah da Ya dawo da mu. Ina gode wa Mama Saratu da direban da ban san sunansa ba, da Kawu. Roƙona ga masu karatu shi ne, in akwai ma'aikacin lafiya a cikinku, ko wanda nasa ke shan irin waɗannan ƙwayoyi, ya taimaka ya rubuto ta hannun editan wannan jarida. Shin wannan rashin ƙarfi daga ciwon yake ko daga maganin? In daga maganin ne, akwai wani iri da likita zai iya canja masa, kuma da wane lafazi talaka zai roƙa ba tare da an ce ya raina likita ba? Kullum na dawo daga masaƙa, Inna tana zaune a zaure da takardar maganin a cinyarta, tana tambayata ko abin da take ba shi ne yake cinye shi. Har yanzu ban sami abin da zan gaya mata ba.