Igiyar da Ta Kife Kwalekwalen Kawu

A shekarar da aka rufe makarantu saboda korona Kawu ya rasu a nan Potiskum, ban nemi gafararsa ba.

Masunci ne a Tafkin Chadi. Daga kwalekwalensa ƙanena Isa ya nutse, ranar da babu hadari. Kawu ya ce igiyar ruwa ɗaya ce ta miƙe daga cikin ƙanana ta kife su. Ba wanda ya yarda a gidanmu, har da ni.

Wata la'asar ya zaunar da ni gaban daron wanki, hannunsa na ƙanshin bandar kifi. Ya riƙa kaɗa ruwan a hankali ta gefe biyu, ƙananan igiyoyi suna karo, sai ɗaya ta yi tsalle ta jiƙa mini riga.

"Ka gani, ɗan nan? Babbar ba ta da ƙarfin kanta. Na ƙananan take kwashewa."

Na ce, "Kawu, daro ba tafki ba ne." Na tashi na bar shi.

Jiya 'yata mai karatun kimiyyar teku take gaya mini haka abin yake: igiyoyi kan miƙa wa ɗaya ƙarfinsu, ta tashi ba zato, har manyan jirage takan karya.

Yau da safe na tafi maƙabarta. Damuna ta shafe kabarin, sai na tsaya inda nake zato na ce, "Gaskiya ka faɗa, Kawu." Allah Ya kai masa maganar nan, tunda ni na makara, Ya haskaka makwancinsa.