Ranar da Kaka ta yi gudu

Jiya na murɗa wata tsohuwar kyamara, irin wadda ake yi wa wani kamar agogo. Tana fara wannan ƙara tata, kirrr, sai na ga kaina a tsakar gidanmu na Dilimi a Jos, ina ɗan firamare. Yanzu irinta sun cika mini kabad, har uwargida tana cewa na mayar mata da falo kasuwar 'yan gwangwan. Kawuna ne ya ja mini.

Kanikanci yake yi a kamfanin haƙar kuza. Da wani Bature zai koma ƙasarsu, sai ya bar masa kyamarar ɗaukar hoto mai motsi da majigi. Fim ɗaya tak ya rage a ciki, ba a samun irinsa a Jos, kuma kafin ka sha kofin shayi ya ƙare. Kawu ya ce Kaka zai ɗauka da shi, don ƙarfinta ya fara ja baya.

Ranar aka sha ado, aka jeru a tsakar gida. To ka san mu hoton gidan hoto kaɗai muka sani, inda ake cewa kada a motsa. Kyamara na fara juyawa kowa ya ƙame. Kaka ta ɗora hannuwa a gwiwa, ta haɗe rai, ko ƙiftawa ba ta yi.

"Inna, ki motsa mana, fim yana tafiya," in ji Kawu, kamar zai yi kuka.

Ta amsa ta gefen baki, "In motsa in lalata maka hoto?"

Damina ce, hadari ya daɗe da haɗowa daga bayan duwatsu. Can sai ƙanƙara ta sauko, kwano ya ɗauki ƙara. Layi ya watse, mu yara muka bazama tsinta. Kaka ta tuna ta shanya barkono. Wannan baiwar Allah da ke cewa gwiwa ta hana ta zuwa ɗaki, ta tattare zani ta falla da gudu, ta kifa faifai a ka, har ta sunkuya ta jefa ƙanƙara ɗaya a baki tana dariya. Kawu ya bi ta da kyamara har fim ya ƙare.

Sai da aka aika da fim ɗin Turai aka wanko. Da ya dawo muka toshe tagogi, aka haska a zanin gado. Kaka ta zuba ido, sannan ta zungure ni.

"Maigida, wace ce waccan tsohuwar marar kamun kai?"

Mun yi dariya har da hawaye. Ba ta ƙara damina biyu a duniya ba.

Yau kowane yaro yana da kyamara a aljihu, a ɗauka a goge, ba wanda ya damu. Kwanan baya na haska wa autata fim ɗin, ita da ba ta taɓa ganin Kaka ba. Ta sa na maimaita mata wajen gudun, sannan ta ce, "Baba, ashe a wajenta na gado dariyata."