Zauren da ke Cikin Wayar Najib

Kaltume mai ƙuli ba ta taɓa zama a zauren maza ba, amma shekarar da ɗanta Najib ya rasu, sai ga zaure mafi girma a Ɗorawa Biyu yana kwana a ƙarƙashin matashinta.

Tun tana amarya take aikin gyaɗa. Mijinta Malam Sabo ya noma, ita ta ɓare, ta soya, ta kai inji, ta matse mai, ranar kasuwar Ɗanbatta dillaliya ta zo ta kwasa. Da man nan aka yi wa Najib karatu har ya zama malamin firamare. Idan gyaɗar gida ta ƙare aka kawo mata ta saye, sai ta zura hannu har gindin buhu, don ta san mai kyau ake ɗorawa a sama. Haka take yi wa maganar mutane.

Najib ɗan fari ne, don haka ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Yaron nan" take cewa, ko yana tsaye a gabanta. Shi ne ya buɗe wa garin zauren WhatsApp, inda ake sanar da zuwan taki, da ɓatan tumaki, da ranar gyaran burtsatse. Dokokinsa biyu ne: ba a tallan ɗan takara, ba a kuma sanar da mutuwa sai iyalin mamaci sun ji. Shi kaɗai ne admin, wato mai sawa da cirewa.

Da mota ta yi hatsari da shi a hanyar Kano, an kawo wayarsa da hularsa a cikin leda. Kaltume ba ta yi kuka a gaban mutane ba, kamar yadda ake so uwar ɗan fari ta yi. Amma ya taɓa koya mata yadda ake sauraren saƙon murya. Idan gida ya yi tsit bayan azahar, sai ta shiga ɗaki ta danna, ta ji shi yana cewa a yi haƙuri, takin bai iso ba.

Da zaɓe ya matso, sai gaisuwar mutuwa ta dawo sabuwa. Kamilu ne ya fara zuwa, ɗan wan mijinta, wanda ke bin kansila. Ya dire ƙullin sukari, ya durƙusa a bakin murhu.

"Inna, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Ai ka yi mini gaisuwa tun ranar uku."

"Gaisuwa ba ta yawa, Inna. Dama wayar marigayi ce. Ki ba ni ita minti ɗaya, in ɗan gyara wani abu."

"Me ya lalace?"

"Zaure ba mai gida. Kuma mamaci ai ba ya riƙe zaure."

Ta ci gaba da juya gyaɗa a kasko. "In ka zama mai gidan, wa za ka fara fitarwa?"

Kamilu ya yi dariya, ya ce Inna ta fi lauya.

Bayansa sai Malam Tahir, abokin Najib, sakataren ƙungiyar manoma. Shi sabulu ya kawo, shi ma zauren yake so. Ya ce ba don kansa ba, don kada su Kamilu su cika zauren da hotunan kansila su kori duk wanda ya yi magana. Kaltume ta so ta yarda da shi, don shi ya kama makara. Sai ya ƙara da cewa kada ta gaya wa kowa ya zo. Nan hannunta ya taɓo gindin buhu.

"In alheri ne, Malam, me ya sa ake ɓoye shi?"

"Mutane ne, Inna, sai a hankali."

"Kai ma ai mutum ne."

Abin da take tsoro ɗaya ne. Duk wanda ya karɓi zauren, wata rana zai ga lambar mamaci ta tsaya masa a ido, ya cire ta kamar yadda ake cire tsakuwa a gyaɗa, ba wanda zai tambaye ta. Ta kuma zaci muryar za ta tafi tare da lambar. Malam Tahir ya rantse ba haka ba ne, amma ba ta ɗauki rantsuwar mai buƙata ba. Akwai wani zauren 'yan ƙwallo a wayar. A nan ta gwada: ta danna jan rubutun da ke ƙasa, ta fita, sannan ta koma ta danna muryar. Najib na nan yana tsokanar wani a kan ƙwallo.

Ranar Alhamis da hantsi, mutanen Ɗorawa Biyu suka ga sabon saƙo da sunan Najib. Wasu sun daɗe kafin su buɗe.

"Salamu alaikum. Ni ce Kaltume, matar Malam Sabo. Kamilu ya kawo sukari, Malam Tahir ya kawo sabulu, na gode. Kowa ya nemi zauren yaron nan a ɓoye. Ba nawa ba ne da zan bayar. Gobe bayan Juma'a ku zauna inda kowa ke ganin fuskar kowa, ku zaɓi mutum uku. Kada su zama 'yan jam'iyya ɗaya. Dokokinsa biyu suna nan."

An ce an yi musu sosai a ƙofar masallaci. Aka zaɓi Kamilu, da Malam Tahir, da Fatihu mai gyaran injin ban ruwa, wanda ba ya shiri da ko ɗayansu. Suka zo tare. Ba ta saki wayar ba. Suna nuna mata da yatsa, kowa yana kallon yatsan ɗan'uwansa, ita tana dannawa, har su ukun suka zama admin.

Da aka gama, Kamilu ya yi gyaran murya. "To, Inna, lambar marigayi fa?"

"Ba ruwanka da ita."

Ta gangara ƙasa har ta kai jan rubutun fita daga zauren. Malam Tahir ya ce ba sai yau ba, a bar shi ya ƙara kwana biyu. Ta dube shi, ta ga da gaske yake, amma ta san kwana biyun a hannunsu zai kasance.

"Ni na kawo shi," in ji ta. "Ni zan fitar da shi."

Ta danna. Ta ce su gaida gida, ta shiga ɗaki da wayar, ta saki labule.