Kakanmu da ya tafi Bama

Shekarun baya, lokacin da korona ta kulle mu a Doha, ina zaune a wani ɗan ɗaki a unguwar Old Airport, ina karatun digiri na uku. Ƙofata tana kallon ta wani direba ɗan Zangon Kumasi. Da gaisuwa ce kawai tsakaninmu, amma da azumi ya zo babu masallaci babu fita, sai ya riƙa miƙo min shinkafa da wake irin na garinsu, mu zauna nesa da juna a kan matakala muna hira. Nan ya zama abokina.

Wata rana na tsokane shi: "Kai wai daga ina asalinku? Hausarka duk ta karkace."

Ya yi dariya. "Kakana mutumin wajenku ne ai. Fataucin goro ya kawo shi, Turawa suka sa shi soja, ya yi yaƙi a ƙasar Bama. Da aka dawo da su bai koma gida ba, ya yi aure a Zango."

Na tambaye shi sunan kakan, ya faɗa, sannan na ce wane gari. Ya faɗi sunan ƙauyenmu. Ƙauyen da ko a jiharmu sai na yi kwatance kafin a gane shi.

Cokali ya tsaya min a hannu. Domin mu a gidanmu labari ɗaya muka sani: mahaifin mahaifiyata ya tafi fataucin goro tana ciki, aka ji an ɗauke shi yaƙin Hitila, bai dawo ba. An yi masa sadaka, kakata ta yi takaba. Sunan ma ɗaya ne da wanda abokina ya faɗa, sai dai suna ne da kowane gida a ƙauyenmu akwai mai shi. Kuma ba shi kaɗai ya tafi ba a shekarun nan.

Na kwana biyu ina juya maganar, sannan na kira mahaifiyata. Na yi ta kewaye-kewaye kamar mai neman aure, har ta ce, "Kai, faɗi abin da ke bakinka."

Na faɗa.

"Ka tambaye shi," ta ce, "ko mutumin ya taɓa cewa ya bar mace da ciki a gida."

Abokina ya kira gwaggonsa a Kumasi. Ta ce tsohon ba ya zancen gida, ba ya zancen yaƙi. Idan an yi tsawa sai ya shige ɗaki ya rufe, shi ke nan abin da ta sani.

Da na mayar wa mahaifiyata, sai ta ce, "To ba shi ba ne. Ubana ya rasu a Bama. Kada ka ƙara tayar min da wannan."

Abokina ma ya ce, "Khalas, shi ke nan, bar tsohuwa ta huta." Na bari. Ni da kullum nake cikin ɗakin gwaje-gwaje, na san gwajin jini ɗaya zai raba gardama, amma ban iya furta shi ga kowa ba.

Ana gab da gasar cin kofin duniya na je gida hutu. Ranar da zan dawo, mahaifiyata ta ɗaure kilishi da kuka da daddawa a leda biyu. Ta nuna babbar ta ce, "Wannan ta ɗan'uwanka ce."

"Wane ɗan'uwa, Inna?"

"Kai dai kai masa," ta ce, ta shige ɗaki.

Har yau ban san me ta yarda da shi ba, kuma ban san me nake fata ba. In ya mutu a daji, mun rasa shi. In ya rayu, shi ya bar mu. Abokina dai tun da ya karɓi ledar nan yake kirana yaya, ni kuma ina amsawa.