Ranar da Emeka ya ƙi jin maganata

Har yau ban manta da ranar da ɗalibina ya ƙi jin maganata a gaban jama'a ba, kuma shi ne mai gaskiya.

A lokacin ina horar da sababbin alƙalan wasa a nan Bauchi. Ƙa'idarmu ita ce sabon alƙali ya fara da wasan yara 'yan ƙasa da shekara goma sha biyar. Babba kamar ni zai zauna a benci da takarda, ba zai ce uffan ba sai an tashi. Rahoton da ya rubuta shi ke sa a ɗaga sabon alƙalin zuwa mataki na gaba, ko a bar shi inda yake.

Emeka ɗan wani mai sayar da kayan babur ne. A nan aka haife shi, Hausarsa kamar ta kowa. Ran nan na ba shi wasan yaran Ƙofar Wambai da na Ƙofar Dumi, a filin wata makarantar firamare. Ni ɗan Wambai ne, kuma ɗan ƙanena, Sagir, yana cikin masu bugawa.

Saura kaɗan a tashi, babu wanda ya ci. Yara biyu suka yi tsalle, suka yi karo da kai. Ɗan Dumi ya faɗi, ƙwallo ta faɗo gaban Sagir, daga shi sai gola. Na ga Emeka ya kai usur baki. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Kai Emeka! Bar wasa ya tafi!"

Ko waiwayowa bai yi ba. Ya busa.

'Yan Wambai suka hau ihu: "Rafali ɗan Dumi! Je ka sayar da taya!" Shi kuwa ya durƙusa kan yaron, wanda ya suma har numfashinsa na sarƙewa. Ya hana kowa ɗaga shi, ya juya shi gefe a hankali, ya tura a kira malamin asibitin unguwa. Yaron ya farfaɗo. Aka tashi canjaras.

Abin kunyar yana nan gaba. Raina ya ɓaci don an ji na yi magana, an kuma ga bai kula ni ba. Na rubuta: "Ba ya jin maganar na gaba da shi." Layi ɗaya. Ya sa Emeka ya ƙara shekara guda a wasan yara, abokansa suka wuce. Bai taɓa fashin zuwa atisaye ba, kullum shi ke riga ni gaisuwa.

Sai da na yi ritaya, shi kuma ya zama mai horarwa, na samu ƙarfin zuwa shagon babansu. Na ce, "Emeka, ni na danne ka a waccan shekarar. Ka yafe mini."

Ya yi dariya, ya jawo mini kujera. "Baba, na sani tuntuni. Amma ai maganarka na ji. Kai ka ce mana idan yaro ya bugu a ka, ko uban wa ya yi magana, a busa."

Na ce, "Ban zaci uban wa ɗin ni ne ba."

Ku da kuke horar da sababbin alƙalai yanzu, ku zauna a bencinku. Usur ɗaya ne a fili, kuma ba a bakinku yake ba. In ɗalibinku ya tsaya kan abin da kuka koya masa a ranar da ku kuka manta, ku rubuta masa hakan tun a ranar. Ni na makara.