Agwagin Zuwaira da Ɓawon Rogo

Zuwaira matar wani mahauci ce a unguwar Titirou, ta fara kiwon agwagi bayan samun 'yancin ƙasar Dahomey. Wata rana dusa ta ƙare, sai ta zuba musu ɗanyen ɓawon rogo mai ɗaci. Kafin azahar huɗu sun kife suna shure-shure. Sai ta tuna ɗazu ta ga 'yarta Memuna tana gaigayar guntun rogon nan. Ta saɓi yarinyar, ko mayafi babu, sai asibiti.

"Ta ci da yawa?" in ji likita.

"Wallahi ban sani ba!" ta ce.

Memuna ta yi kwana biyu tana amai kafin ta warke. Agwagin huɗu kuwa, mijinta ya binne su bayan gida.